Malam Lawali da Kwanon Ciyayya

Ku ƴan staj, masu koyon aikin jinya, da kuke zuwa mana daga lakwal, wato makarantarku, da fararen riguna masu karin guga, na san abin da ke ranku. Gani kuke aikin fiɗa duk a bulok yake, ɗakin fiɗa, inda fitila ke haske lokotoro, wato likita, na riƙe da wuƙa, mu kuwa na ɗakin jinya namu sauya bandeji da rataya ƙarin ruwa. Jiya ma wani cikinku ya ce da ni wai da an ɗinke mutum ai an gama. Na yi dariya har da hawaye. To ku jawo benci ku zauna. Sunana Habu, amma tun da aka ba ni shugabancin masu jinya a ɗakin nan kowa Majo yake ce mini, har matata in ta so tsokana. A kan cikin mutane na yi furfura. Lokotoro a yini guda yake yanke cuta, amma cikin da aka yanka sai an sake koya masa cin abinci kamar na jariri, kuma wannan koyarwar ita ce sana'ata.

Akwai wani manomi, Malam Lawali, daga wani ƙauye a ƙasar Gaffati. An kawo mana shi da sankara a tumbi. Lokotoro ya yanke fiye da rabin tumbin, ya haɗa abin da ya rage da hanji, aiki ya yi kyau ƙwarai. Saura abu guda. Sai ya tafi Yamai an sa masa maganin nan mai ƙarfi da ake bi da shi ta jijiya don kashe ɓurɓushin cutar, kuma ba a sa wa ramammen jiki wannan magani, don kayar da shi zai yi. Lokotoro ya dube ni ya ce, “Majo, ni na yi nawa. In bai yi nama ba, ba zan tura shi ba, in kuma aka daɗe ba a tura shi ba, cutar za ta dawo.” Daga ranar nan naman jikin Malam Lawali ya zama aikina.

Tun ganin farko na san cikinsa zai ba mu wuya. Ba duba nake yi ba, koya mini aka yi. Wadda ta koya mini aiki wata ƴar unguwar Birni ce, Madam Zainabu, Allah ya jiƙanta, gajera mai murya kamar ta mai tallan kifi. Ita ce ta ce mini kafin in taɓa kowane irin awo in fara duban tazugen wandon mutum. In ka ga tazuge ya yi saura yana lilo har gwiwa, to mai shi ya daɗe yana ramewa, kuma wanda ya shiga fiɗa a rame cikinsa yakan yi jinkirin tashi. Sai ka ja fatar idonsa ƙasa ka ga ko da jini. Ka dubi haƙora da yatsu ko mai taba ne. Ka tambayi ciwon suga, don hanjin mai suga malalaci ne. Ka dubi shekaru. Sannan ka tari lokotoro a ƙofar bulok ka tambaye shi nawa ya yanke, don wanda aka gutsure wa gefe da wanda aka kwashe wa rabi ba abinci ɗaya za su ci ba. Malam Lawali in ban da suga duk ya haɗa. Ya manyanta, idonsa fari fat, haƙoransa sun yi ja da taba gari, tazugensa kuwa sai da ya zagaya ƙugu da shi.

Kayan aikina ba su da yawa: abin sauraren ciki da ke rataye a wuyana, sikeli, ƙaramin cokali, sai bakina. Bakin nan shi ya fi ba ni wuyar koyo. Kun san hanji in an taɓa shi fushi yake yi ya kwanta ba motsi, alamar ya farka kuwa ita ce iska ta fita ta ƙasa. In aka cika wa mutum ciki kafin nan, sai kumburi da amai, ɗinki ya shiga haɗari. Ina sabon zuwa Madam Zainabu ta aike ni in tambayi wani babban alhaji ko iska ta fita. Na tarar da shi a kishingiɗe, surukansa sun kewaye gado. Na gaishe shi, na tambayi jiki, na tambayi iyali, na yi maganar zafin gari, na juyo abina. Madam ta harare ni, ta wuce fuu, ta tsaya a kansa.

“Alhaji, ka yi tusa ko ba ka yi ba?”

Kafin ta rufe baki surukai sun watse, wani har ya bar takalmi. Alhaji ya rufe fuska da rawani ya ce, “Na yi, Madam, tun da asuba.” Ta tafa hannu ta ce masa barka. Da muka fito ta ce da ni, “Don kai na yi da ƙarfi. Gobe ka fid da baƙi tukuna, ka sunkuya ka tambaya a kunne. Amma sai ka tambaya. Kunya tana kashe mutane a ɗakin nan.”

Maganar tazuge kuwa ban san nauyinta ba sai shekarar da ruwan sama ya ɗauke tun gero na da ciki. Rumbuna suka bushe tun kafin rani ya yi nisa. Waɗanda aka kawo mana daga ƙauyukan Mirriya da Takieta cuta ta ci su, yunwa ta ƙarasa. Lokotoro zai yi aiki mai tsabta, amma nama ya ƙi kama zare, miki ya buɗe, gudawa ta sa mutum gaba. Mun rasa mutanen da ba a yi kuskure ko ɗaya a aikinsu ba. Wannan shekara ta ƙona mini rai, har yau ba na son tuna ta. Amma ita ta koya mana ciyar da mutum kafin a kai shi bulok, in dai cutar ta ba da sarari. Shi ya sa Malam Lawali ya sha kunun gyaɗa da ƙwai da faten wake kafin wuƙa ta taɓa shi.

Bayan aikin kuwa bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Mutum ne mai barkwanci. Da na ce ya tashi ya taka, don kwanciya na ƙara wa hanji lalaci, sai ya kama sandar ƙarin ruwa yana zagaya baranda yana gaida kowa kamar mai neman ƙuri'a. Maganin zafi mai ƙarfi ma da na ce masa yana ɗaure ciki, shi da kansa ya ce a rage. Ranar sallama na zaunar da matarsa, Inna Rabi, na yi mata bayani dalla-dalla. Abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, mai laushi. A tauna har ya zama ruwa. Kada a sha ruwa a kan abinci, sai an jima. Sukari kuwa a yi nesa da shi, don tumbin da ya rage ba ya iya riƙe zaƙi, zubawa yake yi cikin hanji gaba ɗaya. Ta maimaita mini tsaf ba ta bar ko ɗaya ba. Na sallame su raina fes.

Ranar randebu, wato ranar da aka sa masa ya dawo a duba shi, ya hau sikeli, sai allura ta ja baya. Ya sake dawowa, ta ƙara ja baya. Kumatunsa sun lotsa. Na sa aka yi awo, ba a ga komai ba, na saurari ciki na ji yana aiki. Na tsare Inna Rabi da tambaya.

“Wallahi Majo yadda ka ce haka nake yi,” in ji ta. “Da rana in na kai mishi sai ya ɗan taɓa ya ture, wai ciki na mishi ciwo. Dare kuwa ai a waje suke ci.”

Na juya wurinsa. “Baba, me kake ci da dare?”

“Ɗan abin da ya samu, Majo. Lahiya lau nake.”

Ya faɗa yana kallon taga. Lokotoro kuwa ya ce randebu mai zuwa in bai ƙaru ba, maganar Yamai ta mutu. Hankalina ya tashi. Ran hutuna na hau babur na nufi ƙauyensu.

Na isa ana kiran magariba. Bayan salla aka shimfiɗa tabarmi a gindin wata tsamiya kusa da masallaci, magidantan unguwa suka zauna, aka fara fito da kwanuka daga gidaje. Ku ƴan birni wataƙila ba ku taɓa zaman ciyayya ba. Kowane magidanci kwanon gidansa yake kawowa, a buɗe ɗaya kowa ya sa hannu, a cinye a jawo na gaba. Wanda ya janye hannu daga kwanon maƙwabcinsa, ko ya tsallake shi, to ya raina girkin gidan, kuma kafin gari ya waye maganar ta isa kunnen matar. Aka ba ni wuri kusa da liman, na wanke hannu, don baƙo ba ya wa'azi kafin ya ci.

Ina ci ina satar kallon mutumina. Aka buɗe tuwon gero miyar kuka, hannuwa suka yi ta kai da komo, ba mai jiran wani. Malam Lawali ya yanko loma irin ta mai cikakken tumbi ya haɗiye ba tauna. Aka jawo tuwon dawa, ya sa hannu. Aka jawo shinkafa da wake, ya sa hannu. Ba kwanon da ya tsallake. Sai ga ƙwaryar fura an dama da sukari, ta zagayo kansa ya kafa kai. Can gefe kuma butar shayi na tafasa. Ba a jima ba na ga gumi ya keto masa. Ya miƙe ya ce zai kama ruwa, ya zaga bayan masallaci.

Na ɗan jinkirta na bi shi. Na same shi ya dawo daga bayan gari ya jingina da bango, numfashi sama-sama. Na kama hannunsa na ji zuciya na gudu.

“Kullum haka, Baba?”

Ya ce, “Kullum. Duk abin da na ci wucewa yake yi. In gari ya waye kuma tsoron abinci nake ji.”

“To ai ga ciwon nan. Ba sankara ce ke ramar da kai ba, ciyayya ce.”

“Na sani, Majo, ai ba yaro ne ni ba.” Ya share gumi da hula. “Tun ina saurayi nake zama a tabarmar can. A nan ubana ya ci. Yanzu in shige ɗaki da ɗan kwano kamar mai jego? A ce Lawali ya je gidan likita ya dawo ya hi ƙarhin tuwon mutane? In zauna kuma in tsallake kwanon wani, da wane ido zan dubi matarshi? Gara abin da zai same ni ya same ni a cikin mutane.”

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni. Na ce ya ba ni izini in yi musu bayani, don ku sani ciwon mutum sirrinsa ne, ba a buɗe shi sai da yardarsa. Ya girgiza kai. Muna cikin haka sai muka ji gyaran murya. Wani ƙaton mutum ne mai tumbi tsaye da buta a hannu, Nomau, taubashinsa, ɗan ƙanwar ubansa, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

“To ni dai na ji, kuma ba izinin kowa nake nema ba,” in ji Nomau. “Kai Lawali tun muna yara ba ka da wayo. Wato tuwon gidana kullum bayan gari kake kai shi? Hatsin da na yi wa noma uku? Tashi mu je, ɓarnatacce!”

Malam Lawali ya buɗe baki zai yi gardama, dariya ta ƙwace masa. Ya dube ni ya ɗaga kai, alamar ya yarda. Nomau ya kama hannunsa ya kai shi tsakiyar tabarma, ya zayyana wa jama'a komai, har da ƙarin gishiri. Wani dattijo ya ce to ai sai ya riƙa ci a gida, ba wanda zai ga laifinsa. Na ga fuskar Malam Lawali ta faɗi, ya sunkuyar da kai.

“Ba inda za shi,” in ji Nomau. “In ya tahi wa zan zaga? Majo, gaya mana yadda ake ciyar da mai rabin ciki.”

Na ce a ba ni ƙoƙo. Na ɗebi tuwo kaɗan na sa miya ta ji, na yanko loma kamar ƙwayar dabino, na sa a baki na yi ta tauna a gabansu har suka fara dariya. Na ce abin da ke ƙoƙon nan shi ne cinsa na zama ɗaya, kuma daga kwano ɗaya. Ruwa sai an jima da gamawa. Fura a dama masa tasa ba sukari, ya sha ita kaɗai a wani lokaci. Shayi ma ba sukari, taba kuwa ya yi sallama da ita. Amma fa tun da kaɗan yake ci, sai ya ci sau da yawa, daga safe har dare, kuma a sa masa abin gina jiki, ƙwai, wake, gyaɗa, ɗan nama mai laushi in an samu.

Nan gardama ta kaure. Wannan ya ce daga kwanon wa zai ci? Wancan ya ce in aka tsallake nasa, shi ba zai iya da bakin matarsa ba. Liman yana ta jan carbi, sai da suka gaji ya ce, “Ashe abin ma sauƙi ne. Tun da sau da yawa zai ci, kowane gida ya ɗauki lokacinshi. Gidana kunun sahe. Wani ya ɗauki hantsi, wani azahar, wani la'asar. Kuma mai gida shi zai kawo da hannunshi, ya zauna su ci tare, kada Lawali ya ci shi kaɗai. Da dare ya zo da ƙoƙonshi, a riƙa zuba mishi bi da bi, yau na wannan gobe na wancan.”

Aka hau rabon lokaci ana ƙwace, har da masu fushi don an ba su ranar da ta yi nisa. Nomau ya ce shi ba ya son lokaci, shi ne mai gadin baki, duk lomar da ba a tauna ba sai an dawo da ita. Malam Lawali yana zaune a tsakiya yana kallon wannan yana kallon wancan. Ya ce, “Yanzu ni da na ji tsoron rasa ciyayya ɗaya...” bai ƙarasa ba, ya hau yi musu godiya. Na hau babur na dawo Damagaram ina waƙa a hanya kamar wanda aka yi wa albishir.

Ranar randebu su uku suka zo, shi da Inna Rabi da Nomau. Tun daga ƙofa na ga kumatu sun fara cikowa. Ya hau sikeli, allura ta yi gaba. Ban yarda ba, na sauke shi na sake ɗora shi, ta koma inda take. Inna Rabi ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗakin jinya, marasa lafiya suka ɗaga kai. Ta ce matan unguwa gasa suke yi, kowace so take a ce natan ne ya fi zama masa a ciki. Nomau ya ture shi ya ce shi ma a auna shi. Ya hau, allura ta yi tsalle.

“Ai dole,” in ji Malam Lawali. “Duk abin da na rage shi ke sharewa. Ni aka yi wa aiki, shi ke jego.”

Lokotoro ya zo ya duba shi, ya matsa damtsensa, ya ce a fara shirin Yamai.

Suna haɗa kaya Nomau ya ja ni baranda, can ƙarshe inda ba kowa. Duk wasan nan ya bar fuskarsa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

“Majo, tsakaninka da Allah. Zai ga kaka?”

Na ce, “Rai a hannun Allah yake, ni ba zan yi maka alkawari ba. Amma jikin da na auna yau zai ɗauki magani, na kwanakin baya ba zai ɗauka ba. Kuma ba ni na yi wannan ba, ku ne.”

Ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe yana goge fuska da hannun riga. Can ya hango Malam Lawali zaune a benci ya ɓare dafaffen ƙwai zai jefa baki, sai ya daka tsawar da ta cika baranda: “Tauna, kai! Tauna na ce!”

Malam Lawali ya je Yamai, Nomau ne ya raka shi da ƙoƙon a cikin jaka. Maganin ya ba shi wuya, amma bai kayar da shi ba. Ya ga kaka, shi ya ɗaure damin farko a gonarsa da hannunsa. Ya ga wadda ta biyo bayanta ma.